Shekarar da Na Koya wa Inji Jira

Sadiƙu, Amina, da ke auta Falmata, na san maganar da ake yi a gidan nan idan na ba da baya. Wai shekarar da aka kashe layukan waya a Maiduguri na kwashe ku na tura Kano, ni kuwa na zauna gadin kwamfuta, har mahaifiyarku ta haihu ba na nan. Sadiƙu ya taɓa faɗa mini ita ido da ido, lokacin da gemu ya fara tsiro masa yana ganin ya isa. Ban tanka masa ba, don da na buɗe baki a ranar, ba magana ce za ta fito ba. Mahaifiyarku kuma ba mai tone-tone ba ce, ta bar zancen inda ya faɗi. To yanzu gwiwa ta ƙi, ido ya fara raguwa, zama ya same ni, bari in faɗa muku yadda aka yi. Ba afuwa nake nema ba, ba kuma yabo nake jira ba. So nake ku san abin da na zauna gadi.

Kun san mu jikokin makiyaya ne. Kakanku ya sayar da garkensa ya zauna birni yana dillancin shanu, ni kuma na bar shanun gaba ɗaya na bi inji da wayoyi, sana'ar da har ya koma ga Allah bai gane kanta ba. A lokacin ina aiki a wani ƙaramin asibitin haihuwa mai zaman kansa a unguwar Dala ta Maiduguri, reshen wani babba da ke Kano. A kan rufinsa akwai faifan tauraron ɗan'adam, a ƙarƙashin matakala kuma akwai wani ɗan lungu da ko tabarma ba za ta shimfiɗu a ciki ba. Nan tsohuwar kwamfutarmu take, nan ni ma nake. Aikinta biyu ne. Na farko ta shimfiɗa abin da 'yan sana'armu ke kira tanel, wato bututu ne da ba a gani, bakinsa ɗaya a wurinmu ɗaya a Kano, duk abin da muka zuba a ciki can zai fito ba wanda ya leƙa. Na biyu ta san hanyoyi: saƙon ofishin Kano ya bi ta tanel, saƙon wani wuri ya bi ta waje. Inji bai san wannan da kansa ba, sai an yanka masa burtali kamar yadda ake yi wa shanu, a ce nan za ki bi, can gonar mutane ce. Ta cikin tanel ɗin nan bayanan marasa lafiya ke tafiya, ta cikinsa kuma wani tarho mai igiya da ke kan teburin Matiron, shugabar masu jinya, yake samun rai. Ka ɗaga shi a Dala, muryarka ta hau sama ta sauka Kano, daga can a haɗa ka da kowace lamba. Kafin shekarar nan ba mai kallon tarhon, kowa da salularsa a aljihu.

Kwamfutar tana da hali guda mara kyau, mantuwa. Wanda ya kafa ta da hannu ya rubuta mata tanel da hanyoyin, ya kama gabansa. Muddin tana kunne tana riƙe da su, amma da zarar wuta ta ɗauke mata, ta tashi fes kamar jariri. Da can wannan bai dame mu ba, akwai lantarki, akwai batura, takan yi watanni ba ta mutu ba. In ta mutu in zauna in sake rubuta mata, don na haddace layukan kamar Fatiha.

Da gari ya fara zafi, harbi yau a wannan unguwa gobe a waccan, Yaya Bello ya aiko daga Kano cewa in kawo iyali. Cikin Yagana, mahaifiyarku, ya fara fitowa. Na saka ku mota da katifa ɗaya da buhun kayan sawa. Ta leƙo ta taga ta ce:

"Baban Sadiƙu, kai fa?"

"Ku yi gaba. In na daidaita musu inji zan biyo ku. Kafin ki haihu ina Kano, in sha Allahu."

"Ka faɗa fa."

"Na faɗa."

Ba ku daɗe da tafiya ba aka wayi gari babu sabis a salular kowa. Hukuma ta kashe layuka saboda mutanen nan masu tayar da ƙayar baya, gari guda ya zama kurma. Mutum ya mutu a Dala, ɗansa na Damaturu bai sani ba. Likitanmu guda ɗaya ya tattara ya koma Kano, ban kuma ga laifinsa ba, don an taɓa biyo shi har gida. Aka bar Matiron, Sista Ladi, wata 'yar kudancin Barno mai faɗa kamar barkono da hannu mai albarka, ita da ungozomomi. In haihuwa ta zo da gardama sai ta maƙale tarhon nan a kafaɗa, likita daga Kano yana faɗa mata abin yi, hannayenta na cikin safa. Hukuma ta san da tarhon ta kuma bar mana shi saboda asibiti ne. Labari kuwa bai da ƙafa amma yana zaga gari. Ba a jima ba sai ga layi kowace safiya daga bakin ƙofa har gindin dogon yaro, tsofaffi da mata da 'yan kasuwa, kowa da lamba a tafin hannu ko a bakin zani, a ce wa wane muna raye, a tambayi wance ko ta isa. Matiron ta yi faɗa ta gaji, ta ce to in babu mai naƙuda a bar su.

A daidai nan lantarki ya yanke gaba ɗaya, baturanmu suka mutu babu na canji, man dizal ya zama sai an lallaɓa. Janareto da safe ake tayar da shi, a kashe kafin dokar hana fita ta fara. Ma'ana kowace yamma kwamfuta ta mutu, kowace safiya ta tashi ba ta san Kano ba. Sai na zama ni ne ƙwaƙwalwarta. Da an buɗe gari in tako da ƙafa daga Maisandari, in ɗaga riga a kowane shingen bincike, in iso Dala. Maigadinmu Ba Modu, wani dattijon Babarbare da ya baro gonarsa a Dusuman don ba ta shiguwa, da ya hango ni sai ya ja igiyar janareto, sannan ya tsuguna ya fara gaisuwa. Gaisuwar Barebari kuwa kun san ta, ba a yi mata gaggawa.

"Nda watu, Injiniya? Wushe, wushe. Ya gida? Ya kaɗaici? Ya labarin yara? Ya ƙafa? Ya tsoro?"

In amsa, in mayar masa, ya sake ɗaukowa daga farko, ya zuba mini shayi a ɗan kofi. Sai mun sauke wannan nake shiga lunguna in rubuta layukana, tanel tukuna, sannan hanyoyi ɗaya bayan ɗaya. Matiron ta ɗaga tarho ta ji yana ƙara, ta ce wa na farkon layi ya shigo.

Rana ba ta da wuya, yamma ce mai wuya. Kafin la'asar ta yi sanyi kowa ya shige gida ya rufe. Unguwarmu rabinta ta watse, gidan dama da na hagu duk kwaɗo ne a ƙofa. In shiga in tarar da gidan yadda kuka bar shi, takalmin Amina ɗaya a bakin rijiya, zanen da Sadiƙu ya yi da gawayi a bango wanda na yi masa faɗa a kai. Ban goge ba. Na koyi dafa shinkafa da wake a tukunyar da aka saya don mutum huɗu, kullum sai ta yi yawa, in ci da safe in ci da yamma har ta gundure ni. Akwai ranakun da daga barin asibiti har wayewar gari ba na furta kalma sai a salla. Na taɓa kama kaina ina yi wa ƙadangare faɗa a kan ya shiga ɗaki ba sallama. Kaɗaici ciwo ne, ba kuma irin wanda ake nuna wa Matiron ba.

Ni da nake tayar da tarhon, ni ne na ƙarshe a layinsa, don kunya ba ta barina in tsallake tsofaffi. Sai dab da kashe janareto nake kiran salular Yaya Bello a miƙa wa Yagana. Magana ta tauraro tana da jinkiri, ka faɗi abu sai ya ɗan jima kafin ya isa, sai mu riƙa karo, ta fara in fara, mu yi shiru tare. Ita ma ba daɗi take ji ba. Matan gidan suna tsokanar Hausarta ta Barebari, ƙafafunta sun kumbura, an ce jininta ya hau. Ba ta taɓa cewa ka zo ba. Abin da take cewa kawai:

"Wata ya kama fa, Baban Sadiƙu."

Kada ku ce me ya hana in koya wa wani. Na gwada. Na zaunar da Sista Ladi gaban allo, ta rubuta da yatsa ɗaya tana tsaki, ta kuskure lamba guda, ta tura komai da komai cikin tanel har da hanyar da tanel ɗin kansa yake bi ya isa Kano. Inji ya haɗiye wutsiyarsa. Rabin yini na yi ina warwarewa, mutane na tsaye a rana. Ta miƙe ta karkaɗe siket ta ce:

"Umaru, ni da allura na saba. Ka kira ni in ciro yaro ta ƙafa, amma kar ka sake zaunar da ni gaban wannan shaiɗanin."

Abokin aikina na Kano, Nasiru, shi ma ba zai iya taimako daga can ba, don ta cikin tanel ɗin yake shigowa injinmu. In babu tanel, shi da mai sayar da goro a bakin ofishinsu ɗaya suke. Amma shi ya ba ni shawarar da ta kamata tun farko. Akwai wani fayil da kwamfuta ke karantawa duk lokacin da ta farka, kafin kowa ya taɓa ta. In na zuba layukana a ciki bi da bi, za ta riƙa yi wa kanta. Na zauna na rubuta su tsaf, tanel a sama, hanyoyi a ƙasa. Da rana ta yi tsaka layi ya ragu, na kashe kwamfutar na kunna. Ban taɓa komai ba, tarho ya yi ƙara. Na sake, ya sake. Na kuma sakewa don in tabbata, har Matiron ta leƙo ta ce in na ƙara katse mata waya sai ta yi mini allurar barci. A ranar, da gudu-gudu na koma gida. Na wanke kayana, na ba maƙwabcin da ya rage kajin Yagana, na ɗauki takalmin Amina na saka a jaka ko da na san ya yi mata kaɗan.

Washegari ana buɗe gari na nufi tasha. Na sami kujerar taga a wata motar Kano, muna jiran mutum biyu ta cika. Rana ta ɗan ɗaga, direba ya fara ɗaure kaya, sai na hango Keke Napep ta tsaya, Ba Modu ya sauko yana waige-waige da sandarsa. Ya zo jikin taga ya yi gaisuwarsa cikakkiya, bai rage ko ɗaya ba, sannan ya ce:

"Na zo sallama ne, Injiniya. Allah ya kai ka lafiya, ka gai da yara."

"Ba Modu, me ya faru?"

"Matiron ya ce kar a faɗa maka."

"Faɗa mini."

"Wayan bai tashi ba. Na ja janareto, fanka yana juyawa, kwamfuta yana haske, waya shiru. Mutane suna nan. Akwai yarinya ɗaya a ciki tun jiya, Matiron yana ta ɗaga waya yana ajiyewa."

Bai ce in sauko ba, ku riƙe wannan, kada wani ya ɗora wa dattijon nan laifi. Ni na zauna jaka a cinya ina lissafi. A Kano Yagana tana da Yaya Bello, tana da asibiti da likitoci, tana da waya a hannu. Yarinyar da ke Dala ba ta da kowa sai Sista Ladi da tarhon da ya mutu. Lissafin a fili yake, amma wallahi ƙafata ta ƙi motsi, na ji haushin Ba Modu, na ji haushin Matiron, na ji haushin yarinyar da ban taɓa gani ba. Direba ya zagayo ya ce malam tafiya ko zama. Na ce wa kaina gyaran yini ɗaya ne, gobe in kama wata motar. Na sauko.

Na tarar da inji a hargitse, fayil ɗin ya fara aiki ya tsaya a tsakiya, tanel rabi, hanyoyi babu. Na share na rubuta da hannu, nan take ya tashi. Matiron ta fizgi tarho ko kallona ba ta yi ba, sai bayan an sauki yarinyar lafiya ta zo bakin lunguna ta tsaya, ta ce ita ba ta aika a kira ni ba. Na ce na sani. Da yamma na kira Kano. Yagana ta ɗauka tana tambaya ko mun wuce Potiskum. Na faɗa mata inda nake. Shirun da ya biyo baya ba jinkirin tauraro ba ne.

"To," ta ce. "Allah ya sa haka ne mafi alheri."

Ta miƙa wa Sadiƙu wayar, ya ƙi karɓa. Ina jin muryarsa daga nesa yana cewa ai ya share tsakar gida ya ajiye mini ruwan wanka.

Goben da na yi wa kaina alkawari ba ta zo ba. Kowace safiya fayil ya gaza, in gyara da hannu ya yi. Da rana in kashe in kunna, fayil ya yi aiki lafiya lau kamar yana yi mini dariya. Layuka iri ɗaya, harafi bai bambanta ba, amma da safe inji ya ƙi nasa ya karɓi nawa. In ya farka kuma a ɓoye yake karanta fayil ɗin, ba ya nuna inda ya yi tuntuɓe. Nasiru ya ce in sauya jerin layukan, na sauya. Ya ce ko fayil ɗin ne ya lalace, na sake sabo. Gwajin gaskiya kuma sau ɗaya ake samunsa a yini, da safe, in ya faɗi sai gobe. Ba Modu ya kawo shawarar a yi wa lungun hayaƙi, na kusa yarda. Ana cikin haka aka tare hanyar Damaturu, motoci suka daina fita na wani lokaci, ko da na gama babu ta inda zan bi. Damina ta sauka, rufin ɗakinmu ya fara yoyo daidai inda Yagana ke shimfiɗa sallaya. Na sa kwano a wurin, na riƙa kwana ina jin ɗigarsa. Ran nan don haushi na cire fayil ɗin gaba ɗaya, na ce in ni inji ke so, ga ni.

Kashegari ina shan kwanar asibiti na ji ihun Matiron. An kawo wata mata a baro tana zubar da jini, tun asuba suke jiran a buɗe gari. Ba Modu ya ja janareto, ya juyo zai tsuguna, na wuce shi a guje. Kwamfuta na gama farkawa na hau rubutu. Layin farko ta dawo mini da shi, ta ce ba ta da adireshin da za ta ɗaura bakin tanel a kai. Na sake, ta sake ƙi. Ni da hannuna, layin da ban taɓa kuskurewa ba. Na ɗaga kai ina neman abin da zan doka, sai idona ya faɗa kan akwatin faifan da ke saman kanta. Fitilarsa ja ce, tana ƙiftawa. Kullum koriya nake tarar da ita, har na manta tana da wani launi. Faifan bai gama laluben tauraronsa ba, ga hadari ya rufe sama, shi kuwa sai ya kama tauraro yake ba kwamfuta adireshi. Na tsaya, Matiron na kiran sunana, babu abin yi sai jira. Fitila ta koma koriya, na rubuta, ya shiga. Likita ya hau layi, Allah kuma ya yi matar tana da sauran kwana.

Da ƙura ta lafa na fito na zauna a benci. Ba Modu ya kawar da kai ya ce yau na wuce shi kamar bango. Na ba shi haƙuri, na ce mu yi ta yanzu. Yana cikin ya gida ya kaɗaici, dariya ta kuɓuce mini, irin wadda ke kusa da kuka. Ashe duk watannin nan gaisuwarsa da shayinsa suna cikin aikin ban sani ba, su ke ba faifan lokacin kama tauraro. Gwajin da nake yi da rana kuwa kwamfutar kaɗai nake kashewa, faifai na kunne abinsa. Da safe janareto ke tashe su tare, kwamfuta ta riga faifai farkawa, ta hau karanta fayil ba sallama ba gaisuwa, ta yi karo da ƙofa a rufe, ba ta kuma sake gwadawa. Sauri ya haifi nawa. Na zuba mata duk abin da hannuna ke yi, ban zuba mata abin da nake yi kafin in sa hannu ba.

A ranar na mayar da fayil ɗin, na ƙara masa 'yan layuka a sama: ki tsaya, ki duba ko faifai ya ba ki adireshi, ki ƙwanƙwasa wa Kano, in ba a amsa ba ki ɗan huta ki sake, kada ki gaji, sai an amsa sannan ki shimfiɗa tanel, sannan ki yanka hanyoyi. Na roƙi Matiron ta bar ni in kashe janareto gaba ɗaya da rana, ta harare ni ta yarda, ya kuwa yi. Amma na riga na ƙone sau ɗaya, na ce sai na ga safiya da idona. A yammacin kuma aka fara cewa an buɗe hanya, motoci sun soma fita da rakiya. Na kira Kano in yi albishir, salular Yaya Bello ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, har lokacin kashe janareto ya yi.

Da safe na zo da jakata a kafaɗa. Na sa kwaɗo a ƙofar lunguna na miƙa wa Matiron makulli, don kada hannuna ya yi ƙaiƙayi. Ba Modu ya ja igiya, muka zauna a benci, ya zuba shayi, na riƙe kofin ban sha ba. Layi ya fara taruwa gindin dogon yaro. Ina jiran in ji Matiron ta ce na farko ya shigo, sai na ji abin da ba a saba ji da safe ba, tarhon ne da kansa yake ringi, kira daga waje. Ta ɗauka, ta saurara, ta leƙo ta taga.

"Umaru. Naka ne."

Yaya Bello ne. Ya ce tun jiya da yamma suke asibiti, jinin ya hau sosai har sai da aka yi mata aiki, amma an ciro mace, uwa da 'ya suna lafiya. Ya ce tun da gari ya waye yake bugawa layi bai shiga ba sai yanzu. Na ce alhamdu lillahi, na sake cewa, na rasa ta uku. Inji ya koyi tashi da kansa, hanya ta buɗe, jakata na kafaɗa, abin da na yi alkawarin tararwa kuma ya riga ya wuce. Sai na ji ana magana ƙasa-ƙasa a can, Yaya ya dawo ya ce:

"Yagana ta hana ni yi wa jaririyar huɗuba. Ta ce uban yarinya na da rai, a jira shi. Ga ta nan, zan kara mata a kunne."

Falmata, haka na fara yi miki magana, a tsaye gaban teburin Matiron, ungozomomi sun yi cirko-cirko, janareto na ruri a bayan taga. Na yi miki kiran salla a kunnen dama. Layin yana dawo mini da muryata bayan ɗan jinkiri, sai na riƙa jin kaina ina amsa wa kaina, kamar ladan a masallacin da ba kowa. Yaya ya ce ya juya ki, na yi iƙama a na hagu, na raɗa miki sunan kakarki ta wajen uwa. Kika yi wani ɗan guntun kuka, ya taso daga Kano ya hau sama ya sauko Dala ta cikin tanel ɗin da ban taɓa da hannuna ba. Na roƙi a ba ni Yagana, aka ce barci ya ɗauke ta.

Na ajiye kan tarhon. Na juya ina neman wanda zan faɗa wa, na gidanmu ko na unguwarmu, wanda ya san Yagana ya san ni, babu. Matiron an riga an kira ta ɗakin haihuwa, Ba Modu na can yana tsara layi. Wadda ke gabana wata tsohuwa ce da ban taɓa gani ba, ta farkon layi, ta kwance bakin zaninta ta ciro 'yar takarda ta miƙo mini. Na ce mata:

"Iya, an yi mini haihuwa. Mace."

Ta dube ni, ta dubi jakar da ke kafaɗata, ta dubi fuskata da ban san ta jiƙe ba.

"Barka, ɗana. Allah ya raya. Ina mai jegon?"

"Tana Kano."

"Ayya," ta ce. "Nawa ɗan ma can aka ce an gan shi."

Na sauke jakar, na karɓi takardar, na buga mata lambar.